Kifin ado a Jos: Yadda ake gina matatar ruwan da za ta jure ɗauke wuta da sanyin hunturu

A ranar 21 ga Oktoban 2024, manyan layukan lantarki biyu da suka taso daga Ugwuaji a Jihar Enugu zuwa Apir, kusa da Makurdi, suka katse. Da ma layin Shiroro zuwa Kaduna yana kwance sakamakon ɓarnar da aka yi masa, don haka Jos da sauran biranen Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, har zuwa 30 ga watan. An yi ta lissafin asarar masu walda da masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara. Akwai wani rukuni da ba a cika tunawa da shi ba a irin wannan hali: masu kiwon kifin ado a manyan tankunan gilashi, a gidaje da otal-otal da ɗakunan karɓar baƙi na ofisoshi. Kifin da ke cikin gilashi ba shi da kogin da zai guda zuwa gare shi. Numfashinsa da tsabtar ruwansa duk suna rataye ne a kan ƙaramin inji guda da ke juya ruwa.

Shi ya sa wanda zai gina matatar ruwa wa babban tanki a Jos bai kamata ya kwaikwayi tsarin da aka zana wa gidajen Turai ido rufe ba. A can ba kasafai ake ɗauke wuta ba. A nan kuwa, ma'aunin ingancinta shi ne abin da zai faru a minti biyar na farko bayan an ɗauke wuta, da kuma abin da zai faru a daren da sanyin Disamba ya sauko daga duwatsu.

Mene ne matatar ƙarƙashi?

Ƙaramin tanki yana iya wadatuwa da 'yar matatar da ake rataya masa a gefe. Babban tanki kuwa, mai ɗaukar lita 500 zuwa sama, yana buƙatar tanki na biyu da ake ɓoyewa a ƙarƙashinsa, cikin kabad ɗin da ya ɗauke shi. Ruwa yana malalowa daga sama ta bututu, ya ratsa ɗakunan da aka yanka a cikin tankin ƙasa, sannan injin tura ruwa ya mayar da shi sama. Wannan ita ce matatar ƙarƙashi. Amfaninta uku ne: tana ƙara yawan ruwan da ke zagayawa, tana ba da fili mai yawa na tace ƙazanta, kuma tana ɓoye inji da hita da wayoyi daga idon baƙo.

Ana sayar da irinta a haɗe daga waje, amma da tsada, kuma sau da yawa ba ta dace da faɗin kabad ɗin mutum ba. Abin da ake buƙata wajen haɗa ta a gida babu wanda ya gagari garin Jos: mai yankan gilashi, mai gyaran famfo, mai walda ko kafinta, da awo na gaskiya.

Ƙazantar da ido ba ya gani

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar matata a matsayin rariya kawai. Ruwa yana iya yin garau kamar hawaye alhali yana ɗauke da guba. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta mashaƙar da ke gefen kansa, ragowar abinci da kashinsa su ma suna ruɓewa su zama amoniya. Lissafin da masana kiwon kifi suke amfani da shi ya nuna cewa giram 20 na abinci mai kashi 40 cikin 100 na furotin yana haifar da kimanin giram 0.7 na amoniya. A tanki mai lita 650, wannan ya zarce miligiram 1 a kowace lita, a kowace rana. Idan babu abin da ke cinye ta, kwanaki kaɗan sun isa su jigata kifin.

Masu cinye ta wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke manne wa duk abin da ruwa ke gudana a kansa. Rukuni na farko yana mayar da amoniya zuwa naitirayit, wanda shi ma guba ne, domin yana hana jinin kifi ɗaukar iskar oksijin. Rukuni na biyu yana mayar da naitirayit zuwa naitiret, wanda illarsa ba ta kai ta na farkon ba, kuma ana rage shi ta hanyar canza wani kaso na ruwan.

Wannan ilimi ya haura shekara 140. A 1877, wasu masana biyu a Faransa, Schloesing da Müntz, suka riƙa zuba ruwan kwata ta cikin dogon bututu mai cike da yashi da dutsen farar ƙasa. Bayan kimanin kwana 20 sai amoniyar ta fara komawa naitiret. Da suka sa sinadarin kulorofom, aikin ya tsaya cik, abin da ya tabbatar musu cewa masu rai ne ke yin sa. A 1890 Sergei Winogradsky ya gano ƙwayoyin da kansu, sannan a 1998 binciken Timothy Hovanec da abokan aikinsa a Amurka ya nuna cewa a tankunan kifi, jinsin Nitrospira ne ke yin akasarin aikin mataki na biyu.

Ma'anar wannan ga mai gini ita ce matata gida ce ta wasu halittu masu numfashi. Domin sarrafa giram 1 na amoniya suna shaƙar fiye da giram 4 na oksijin. Idan ruwa ya daina gudana a kansu, iskar da ke kewaye da su tana ƙarewa cikin sa'o'i. Wanda ya fahimci haka ya fahimci dalilin kowane awo da zai biyo baya.

Awo kafin yanka

A ɗauki misalin tanki mai tsawon santimita 180, faɗi 60, tsayi 60, wato ƙafa shida da biyu da biyu a bakin masu gilashi. Yana ɗaukar lita 648. Kowace lita kilo guda ce, don haka ruwan kaɗai kilo 648 ne. Idan aka haɗa da gilashin mai kaurin milimita 12, da tsakuwa, da matatar da ke ƙasa, nauyin yana kusantar tan guda. Wannan ba kayan ɗorawa a kan teburin falo ba ne. Ana buƙatar mazauni na ƙarfe mai kauri da aka yi wa walda mai kyau, ko na katako mai ƙwari irin wanda ake samu a kasuwar Katako, a kan daɓen siminti da aka tabbatar ya daidaita. A shimfiɗa farin soso mai tauri, irin wanda ke zuwa cikin kwalin sabon firij, tsakanin gilashin da mazaunin, domin ƙwayar tsakuwa guda a ƙarƙashin wannan nauyi tana iya tsaga gindin tanki.

Ga irin wannan tanki, matata mai tsawon santimita 120, faɗi 40, tsayi 40 ta wadatar. Cikinta lita 192 ne, amma ba a cika ta. A bar aƙalla santimita 20 tsakanin bakinta da rufin kabad, domin hannu ya samu shiga ya ciro soso.

Ana raba ta gida uku da shamakai biyu na gilashi mai kaurin milimita 6. Ɗaki na farko, mai tsawon santimita 20, shi ne mazubar ruwa, inda ake jera soso daga mai manyan ƙofofi a sama zuwa mai ƙanana a ƙasa. Ana ɗaga shamaki na farko da santimita 4 daga gindi, ta yadda ruwa zai bi ta ƙarƙashinsa. Ɗaki na biyu, mai santimita 55, shi ne gidan bakteriya. Ruwa yana taso masa daga ƙasa, ya ratsa duwatsun da aka zuba, ya tsallake shamaki na biyu, wanda ke zaune a gindi da tsayin santimita 28. Ɗaki na uku, mai santimita 45, na injin tura ruwa ne.

A yanka kowane shamaki ya gaza faɗin cikin matatar da milimita 3 ko 4, a goge kaifin bakinsa, sannan a manna shi da silikon. A nan akwai tarko: silikon da ake sayarwa domin banɗaki da kicin galibi yana ɗauke da maganin hana fumfuna, wanda ke kashe kifi da bakteriya. Wanda ake nema shi ne tsantsarsa, marar gauraye. A bar shi ya bushe aƙalla kwana biyu, mako guda ya fi. Silikon yana kama gilashi da gilashi sosai, amma ba ya riƙe roba da kyau. Wanda ya zaɓi yin matatarsa da durom ko bahon roba, gara ya jera kwanduna a ciki maimakon manna shamaki.

Minti biyar bayan ɗauke wuta

Da zarar inji ya tsaya, ruwan da ke saman bakin magudana a babban tanki zai ci gaba da gangarowa har sai ya daidaita. Fuskar tankin misalinmu santimita 180 ce sau 60, don haka kowace santimita guda ta zurfi lita 10.8 ce. Idan ruwan ya sauka da santimita 3, lita 32 ke nan, a ƙara da na cikin bututu, a ce lita 40. Dole ne wannan ruwa ya samu masauki a ƙasa. Kowace santimita a matatar tana ɗaukar lita 4.8, saboda haka santimita 12 da aka bari a saman shamaki na biyu za su karɓi kusan lita 58. Wannan rarar ita ce ke tsakanin mai gida da jiƙaƙƙen kafet.

Haɗari na biyu ya fi wannan girma. Bututun da ke mayar da ruwa sama, idan bakinsa yana nutse, yakan juye ya zama mazuƙi da zarar inji ya tsaya, daidai da yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo. Idan bakin ya nutse da santimita 15, zai janyo fiye da lita 160 zuwa matatar da ba ta da wurinsu. Maganin mai sauƙi ne: a ajiye bakin bututun dab da saman ruwa, kuma a huda masa 'yan ƙofofi biyu kaɗan ƙasa da fuskar ruwan, domin iska ta shiga ta karya zuƙon. Ana yin biyu ne saboda gansakuka ko ɗan katantanwa na iya toshe ɗaya. Bawul mai hana ruwa komawa baya yana taimakawa, amma ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, domin ƙwayar yashi guda tana hana shi rufewa.

Haɗari na uku yana zuwa ne lokacin da aka dawo da wuta. Akwai akwatunan magudana da ake rataya wa a bakin tanki domin guje wa huda gilashi, waɗanda da zuƙo suke aiki. Idan iska ta shiga zuƙon ya karye a lokacin duhu, inji zai tashi ya yi ta tura ruwa sama ba tare da hanyar komowa ba, har tankin ya tumbatsa. A garin da ake iya ɗauke wuta sau da yawa a yini, huda gilashin ya fi aminci. Ana yin hudar da bakin na'ura mai lu'ulu'u, ana zuba ruwa a hankali, kuma kafin a haɗa tankin. Gilashin da aka gasa domin ƙarin ƙwari ba ya huduwa, tarwatsewa yake yi, don haka a tambayi mai sayarwa tun farko. A yi ƙofofi biyu, kowace da bututun roba mai faɗin inci ɗaya da rabi: ɗaya na aiki, ɗaya kuma a ɗan sama da shi, yana jiran ranar da ganye ko mataccen kifi zai toshe na farko. A guji bututun tagulla da na ƙarfe, domin tagulla guba ce ga halittun ruwa.

Inji da kuɗin wuta

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ruwan tanki ya ratsa matata sau huɗu zuwa shida a sa'a guda, wato lita 2,600 zuwa 3,900 ga tankin misalinmu. Adadin da aka rubuta a kwalin inji na ruwan da bai hau ko'ina ba ne. Idan zai ɗaga shi sama da mita guda ta cikin lanƙwasassun bututu, ƙarfinsa yana raguwa sosai. Saboda haka mai rubutun lita 5,000 shi ya dace, a sa masa bawul a bututun fita domin daidaita gudu.

Injinan zamani masu wannan ƙarfi suna cin kimanin wat 40, kusan yunit guda a yini, yunit 29 a wata. A farashin Naira 225 da aka sanya wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024, wannan kusan Naira 6,500 ne. Muhimmin abu shi ne wat 40 nauyi ne da ƙaramar inbata ko sola za ta ɗauka ba tare da wahala ba. Wanda ba shi da su, ya tanadi ɗan injin hura iska mai batir, mai baki biyu, ɗaya a cikin tankin kifi, ɗaya a ƙarƙashin duwatsun matata. Idan duhu ya yi tsawo, a daina ba kifi abinci, domin babban kifi mai lafiya yana jure kwanaki ba ci, amma ba ya jure amoniya. Idan kuma matata ta kwana biyu a tsaye babu iska, a zubar da ruwan cikinta kafin a tayar da inji, musamman in ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Ruwa da lantarki ba sa ga maciji da juna. A kafa soket a sama da matata, a bar kowace waya ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau zuwa soket, ta yadda ɗigon ruwa zai faɗi ƙasa maimakon ya bi ta. A cire fulogi kafin a tsoma hannu.

Abin da tsaunin Jos ya bayar, da abin da ya hana

Kayan da ake zubawa a ɗaki na biyu aikinsu guda ne: samar da fili mai yawa da bakteriya za su manne. Ana shigo da zobban yumɓu na musamman domin haka, amma Filato tana da nata. A yankin Panyam da Kerang, cikin Ƙaramar Hukumar Mangu, akwai jerin tsofaffin duwatsu masu aman wuta da suka daɗe da mutuwa, kuma sun bar wani dutse marar nauyi mai ƙofofi kamar saƙar zuma. Idan aka farfasa shi daidai girman lemon tsami, aka wanke, aka jiƙa shi na kwanaki, yana yin aikin. Soson wanka na raga da soson roba na wanke tukwane su ma suna yi, muddin sababbi ne da sabulu bai taɓa su ba. Soson katifa bai dace ba, saboda saurin toshewa da kuma sinadaran da ke jikinsa.

Akwai kuma abin da ya kamata a bari inda aka gan shi. Yashin da aka wanke kuza aka bari a tsofaffin wuraren haƙa na Bukuru da Rayfield da kewaye yana da kyan gani, amma yakan ƙunshi ma'adinai irin su monazayit, masu fitar da tururin nukiliya fiye da na yashin yau da kullum. Ba abin shimfiɗawa a falo ba ne. Haka nan ruwan kududdufan kuza bai kamata ya shiga tanki ba tare da gwaji ba.

Ruwan famfo da hukumar ruwa ta jiha ke tacewa daga madatsun Lamingo da Liberty da Yakubu Gowon ana sa masa kulorin domin kashe ƙwayoyin cuta, kuma kulorin ba ya bambanta mugu da nagari. A tara ruwan a durom, a hura masa iska na kwana ɗaya ko biyu, ko a sa maganin kashe kulorin, kafin ya shiga tanki. Saboda wannan dalili, ba a wanke duwatsun matata a bakin famfo. Ana ɗauraye su ne a hankali cikin bokitin ruwan da aka ɗebo daga tankin.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma a tankin kifi an san dalilin tsaminsa. Aikin bakteriya yana cinye sinadarin farar ƙasa da ke narke a ruwa, kimanin giram 7 ga kowane giram na amoniya. Jos tana zaune a kan dutsen giranayit, kuma ruwan da ya fito daga irin wannan dutse yawanci ba shi da wannan sinadari da yawa. Idan ya ƙare, ma'aunin pH yana faɗuwa, bakteriya su rage aiki, amoniya ta taru. Rigakafin yana wurin masu haɗa abincin kaji, waɗanda Jos da Bukuru ba su rasa ba: dakakken ɓawon kawa ko dutsen farar ƙasa da suke zubawa domin ƙwarin ɓawon ƙwai. A wanke gwangwani ɗaya ko biyu, a ƙulle a raga, a ajiye a ɗaki na biyu.

Tsayin garin ma yana da nasa tasiri. Jos tana kimanin mita 1,200 sama da teku, inda nauyin iska ya ragu da kusan kashi 13 cikin 100. Ruwan da zai riƙe miligiram 8.3 na oksijin a kowace lita a Legas, a zafin digiri 25, kimanin 7.2 zai riƙe a Jos. Faɗowar ruwa daga tanki zuwa matata da tsallake shamaki suna taimakawa wajen cusa masa iska, amma wannan dalili ne na kada a cunkusa kifi.

Sanyi da zaɓin kifi

A Disamba da Janairu, sanyin dare a Jos yana sauka zuwa wajen digiri 11 a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci ƙasa da haka. Yawancin kifayen ado na ƙasashe masu zafi suna son digiri 24 zuwa 27. Ƙiyasin da aka saba yi shi ne wat guda na hita ga kowace lita, wato kimanin wat 600 ga wannan tanki. Idan hitar ta yi aikin rabin yini, ta ci yunit 7, ninki bakwai na abin da inji ke ci, kuma nauyi ne da ƙaramar inbata ba za ta ɗauka ba. Wanda zai sa ta, ya kwantar da ita a ɗaki na biyu, inda ruwa ba ya ja da baya, ya rufe tanki da murfi, ya lulluɓe bayansa da gefen matatar da farin soso. Hita biyu ƙanana sun fi babba guda, domin idan ɗaya ta lalace ba za ta dafa kifin ba, ba kuma za a bar su cikin sanyi gaba ɗaya ba.

Hanya mafi arha ita ce wadda aka bi a Panyam. A farkon shekarun 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa gonar kifi a can, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a Najeriya, aka kuma kawo kifin kaf daga Turai saboda ya dace da sanyin tsaunin. Kifin koi da jan kifin nan na ado da aka fi sani 'yan dangin kaf ne, kuma suna jure sanyin Jos a cikin ɗaki ba tare da hita ba. Sai dai suna da ci da yawan kashi, abin da ke ƙara wajabta babbar matata. Masu sha'awar kifin gida, irin su ƙurungu da gargaza da tarwaɗa, su sani cewa waɗannan na ruwan ɗumi ne. Filato kuma tana da abin alfaharinta a wannan fage: wani ɗan ƙaramin kifi mai launin shuɗi da ɗigon ja, Fundulopanchax gardneri, yana da nau'in da masu kiwon kifin ado a Turai da Amurka suke kira da sunan tsaunin Jos.

Haƙurin mako shida

Sabuwar matata kango ce. Bakteriya suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su cika ta, kuma idan ruwan ya yi ƙasa da digiri 20, lokacin yana ƙaruwa. Don haka tsakiyar hunturu ba lokacin farawa ba ne. Ana cika tanki, a tayar da inji, a riƙa jefa ɗan abincin kifi kullum ba tare da kifi ba, ana gwada ruwan da kayan gwaji na ɗigawa. Za a ga amoniya ta hau ta sauka, naitirayit ya biyo ta ya sauka. Sai dukansu sun koma sifili sannan a fara sa kifi, kaɗan-kaɗan, da tazarar mako biyu. Dunƙulen soso ko duwatsu daga tsohuwar matata mai lafiya yana gajarta jiran.

Daga nan sai kulawa. A wanke soson ɗaki na farko duk mako. A canza kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar na ruwan duk mako ko mako biyu. Ruwan da aka cire yana da naitiret, wato taki ne, kuma ɗan lambun latas ko kabeji na bayan gida zai yi maraba da shi.

Ga ma'aikacin da ke kwana biyar a Abuja ya koma wa iyalinsa a Jos ranar Juma'a, akwai lissafi guda da ya shafe shi kai tsaye. Duk ruwan da iska ta shanye, a ɗakin inji kaɗai ake ganin raguwarsa, domin sauran wuraren shamaki da magudana sun tsayar da su. A ɗaki mai santimita 45 sau 40, kowace santimita lita 1.8 ce. Idan busasshiyar iskar hunturu tana shanye lita 5 a yini, daga Litinin zuwa Juma'a ruwan ya sauka da santimita 14, kuma injin da ya yi aiki a bushe ƙonewa yake yi. Murfi yana rage asarar, amma mafi inganci shi ne a zana layi biyu a jikin gilashin ɗakin, na sama da na ƙasa, a nuna wa wani a gida ya riƙa ƙara ruwan durom idan ya kai na ƙasa, kada kuma ya wuce na sama ko da ya ga akwai wuri. Wannan wurin da ya gani, na ruwan da zai gangaro ne idan an ɗauke wuta.

Ga masu tunanin kiwon tarwaɗa bayan ritaya, wannan ƙaramin aiki makaranta ce mai arha. Gidajen ƙyanƙyasar kifi masu juya ruwa suna tafiya ne a kan matakan nan uku: cire ƙazantar da ake gani, ba bakteriya masauki, da mayar da ruwa. Wanda ya iya riƙe lita 650 lafiya tsawon shekara, da damina da hunturu, ya san abin da zai tambaya kafin ya zuba kuɗin sallamarsa a tankuna goma.

Kafin kifi ko ɗaya ya shiga, akwai gwaji na ƙarshe da ba a tsallakewa. A cika komai, a bar inji ya yi sa'a guda yana aiki, sannan a cire fulogi a tsaya ana kallo har ruwa ya daina motsi. Idan ya tsaya ƙasa da bakin matata da 'yan santimita, a mayar da fulogi a ga ko magudana ta kama aiki da kanta. A maimaita sau uku, sannan a toshe bututun farko da tsumma a ga ko na biyu zai ɗauki ruwan shi kaɗai. Inda ruwan ɗakin inji ya tsaya a lokacin da duk gwajin ya yi kyau, nan ne za a zana layin sama.